Lado Mai Tarbo Baƙi

A Ƙafin Maiyaki, in dai farar motar ƙungiyar agaji za ta shigo, to babur ɗin Lado ne a gabanta. Tun yana saurayi yake zuwa Kwanar Dangora ya tarbo baƙi, ya jawo su cikin gari yana ɗaga wa mutane hannu sai ka ce shi ya sayi motar. Ko ciyawa za ta cinye gonarsa, ba ya fashi.

Bara ne abu ya canza. Ƙungiyar ta ce ta daina yanke wa mutane shawara daga nesa: 'yan gari su zaɓi aikin da suke so, su zaɓi mai ja musu gaba. Suka ce rumbun iri suke so, suka ɗora Mas'ud, maƙwabcin Lado, wanda ko gaisuwar Turanci bai iya ba.

Abin ya tsaya wa Lado a rai. Hassada ce tsagwaronta, ba sai an saya mata wani suna ba. Da ya ji ana sallama a ƙofar Mas'ud, sai tuwo ya fita ransa. A majalisa yakan ce, "Allah ya taya shi riƙo," da muryar mai yin jaje.

Ranar buɗe rumbu ya ƙudura sai gari ya san waye a gaba. Da sassafe ya wanke babur, ya je Kwanar Dangora ya kafa ya tsare. Dole dai baƙi su biyo bayansa a gaban kowa.

Har azahar ba farar mota. Bai san wakiliyar ƙungiyar yanzu Bahijja ce ba, 'yar Tudun Wada, wadda ta sauka daga motar haya ta hau acaɓa ta wuce ta gabansa. Wayarsa ta yi ta kuka. Da ya ga sunan Mas'ud, sai ya ja tsaki ya mayar aljihu.

Bayan la'asar ya dawo, ya tarar ana naɗe tabarmi. Mas'ud ya taso da sauri.

"Haba Yaya Lado, ina ka shiga? Dattawa cewa suka yi kai za ka zuba mudun farko, tunda kai ka fara kawo mana mutanen nan. Na yi ta kiranka. Da rana ta yi, sai suka ce in zuba."

Lado ya tsaya riƙe da kan babur, yana kallon ƙofar rumbun da aka riga aka kulle.