Ranar da Rediyo Ta Yi Shiru

Tun tana ƙarama Yayanta ya laƙaba mata Rediyo, sunan kuwa ya bi ta har gidan miji, har wurin aiki. Ba sharri ya yi mata ba. Mace ce da in ka tambaye ta hanya, sai ta haɗa maka da tarihin titin da halin mai shagon da ke bakin kwana. Amma zuciyarta fes take, surutun nata duk na son taimako ne, shi ya sa ma ya fi wuyar tsayarwa.

Ƙuruciyarta a bayan wata 'yar taga ta ƙare, a ofishin fansho na wani kamfanin sufuri, tana buga hatimi. Ta tagar nan take ganin tsofaffin ma'aikata suna karɓar kuɗin sallama, baki har kunne. Kafin shekara ta zagayo sai ta ga mutum ya dawo, takalmi ya sha hanya, yana tambaya ƙasa-ƙasa ko akwai ɗan abin da ya rage. Wannan aboki ya ja shi kasuwancin da bai san kansa ba, wancan dangi sun yi masa rubdugu. Abin yana ci mata rai ƙwarai. Ta yi ta zuba musu shawara ta taga, to amma wa zai ɗauki maganar mai hatimi?

Shi ya sa bayan ta haura arba'in ta nemi gurbin karatun digiri a fannin kasuwanci, ajin ƙarshen mako, don ta zama mai tsara wa mutane harkar kuɗinsu, daga ajiya da jari har tanadin tsufa. Maigidanta ya ce, "Ke da ilimi ya bari tun kafin a haifi babbar 'yarmu?" Ta ce masa ya zuba ido kawai. 'Yan ajinsu sa'o'in 'ya'yanta ne, Mama suke ce mata, su bar mata kujerar gaba saboda ba ta hango allo. Darasin akanta, wato lissafin shige da ficen kuɗi, ya kayar da ita, ta tashi ta karkaɗe ta sake shi. Teburin cin abincin gidan ya koma na littattafai, har yara suka saba ci a tsaye.

Duk wannan ta haye. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne jarrabawar ƙarshe, wadda ba a rubutawa. Ɗalibi zai kawo mutum na gaske, su zauna a wani ƙaramin ɗaki mai tebur da kujeru, ya tattauna da shi, ya gabatar masa da tsarin da ya dace da shi, Malamar kwas ɗin tana kusurwa tana kallo. Rediyo ta kawo maƙwabcinta tela. Tun da bawan Allah ya zauna ta buɗe wuta, ta kawo inshora, ta kawo hannun jari, shi dai sai gyaɗa kai yake kamar ƙadangare. Da ya fita Malama ta ce, "Mama, me telan nan yake so a rayuwarsa?"

Rediyo ba ta sani ba.

"Kin faɗi," in ji Malama. "Saura dama guda. In kika sake faɗuwa, digiri zai fito, amma babu shaidar ba da shawara." Sai ta ɗan sassauta murya. "Ki riƙa ajiye kofin ruwa a gabanki. In kin yi tambaya, ki ɗauka ki sha, kada ki ajiye sai mutum ya gama."

Ranar ta yi kuka a motar haya, ba ta damu da masu kallo ba. Digiri ba shaida, ai komawa bayan taga ke nan.

A karo na biyu ta ce ba za ta yi kasada ba, ta ɗauko Yayanta, direba a kamfaninsu, wanda take ganin ta san shi ciki da waje. Ta san albashinsa, ta san makarantun 'ya'yansa, ta san da sauransa kafin ya kai ritaya. A kan haka ta gina tsari mai kyan gaske, ta sa a fayil mai bango, har tana shafa shi. Shi ya kawo ta a 'yar motarsa da la'asar, yana tsokanarta wai yau zai ga digirin surutu.

Suka zauna. Ta tsiyaya ruwa a kofi.

"Yaya, in ka hango kanka nan gaba, me kake so?"

"Lafiya dai, da rufin asiri."

Nan take magana ta taso mata har maƙogwaro, ga fayil a ƙarƙashin hannunta yana jira. Ta ɗauki kofin ta kurɓa. Yaya ya dubi taga. Ta sake kurɓa. Ya juya makullin mota a tafin hannunsa, ya gyara zama. Ruwan ya ƙare. Shirun nan ya yi mata zafi kamar ta taka garwashi, amma ta bar kofin a bakinta haka nan, babu ko ɗigo a ciki.

"Ƙanwata," ya ce, muryarsa ta canza. "Idona ne."

Ta ƙara riƙe kofin a bakinta.

"Da rana ta yi sanyi, fitilun motoci sai su watse min, ban iya bambanta mutum da inuwa. Likita ya ce ba zai dawo ba, sai dai a rage masa gudu. Ko uwar yara ban gaya wa ba. In na ajiye tuƙi, me zan ba su?"

Wannan shi ne mutumin da ya goya ta zuwa makaranta, tare suke aiki a gini guda, kullum tana cika masa kunne, amma ba ta taɓa barin ɗan sararin da zai faɗi haka ba. Kunya da tausayi suka rufe ta. Ga kuma tsarin nan nata, kaf ɗinsa ya tsaya ne a kan Yaya yana tuƙi. Lokaci na tafiya, Malama na kallo, kuma ƙa'ida ta ce sai an gabatar da tsari.

Ta ture fayil ɗin gefe, ta sake cika kofin.

"Wanne ya fi hana ka sukuni, makarantar yara ko hayar gida?"

Ya yi magana, ta sha ruwa. Ta sake tambaya, ta sake sha. Har Malama ta ƙwanƙwasa tebur alamar lokaci ya cika, ba a buɗe fayil ba.

"Malama, ba ni da tsarin da zan gabatar," in ji Rediyo. "Wancan na wani ne da na ƙirƙira a kaina."

Malama ta rufe bironta. "Da kin buɗe shi, da na kayar da ke. Kin ci, Mama. Ki kawo min na gaskiyan in kin gama."

Da suka fito, yamma ta yi liƙis, an fara kunna fitilun titi. Yaya ya nufi motarsa, ta riƙo hannun rigarsa.

"Bar ta nan, Yaya. Maigidana zai zo ya ɗauka."

Bai yi musu ba. Suka taka zuwa tashar bas, ta tsallakar da shi titi ba tare da ta nuna tsallakar da shi take ba. Can ya ce, "Yi magana mana, Rediyo. Shirun nan naki tsoro yake ba ni."

"Gobe da safe za mu je ofis," ta ce. "Akwai haƙƙin wanda ya ajiye aiki don rashin lafiya, ni nake buga masa hatimi. Daga nan mu zauna, kai da ni da uwar yara, mu tsara komai tun kafin kuɗin su shigo hannunka." Ta ƙara damƙe hannun rigar. "Wallahi Yaya, ba za ka taɓa dawowa tagata kana tambaya ko akwai saura ba."