Kwanon Barakatu

Barakatu tana da shekara sittin da uku. Matar Malam Sada ce, wani manomi a Sandamu. Ta haifi tara, bakwai suna raye. Sana'arta daddawa, a kai mata kasuwar Daura a sayar.

Shekara arba'in da biyar tana girki a wannan gida, kuma ba a taɓa ganin ta ci abinci kafin kowa ya ci ba. Haka ta ga mahaifiyarta tana yi. Idan tuwon dare ya nuna, sai ta fara kwashe na Malam a akushi, a fita da shi ƙofar gida inda magidanta suke ciyayya bayan magariba, kowa ya kawo na gidansa a ci tare. Daga nan sai na 'ya'ya da surukai, sai na jikoki, sai kwanon wata tsohuwa maƙwabciya da ba ta da mai yi mata girki. Abin da ya rage a gindin tukunya shi ne nata. Wata rana malmala guda, wata rana ƙanzo.

Ciwon suga ya kama ta shekara shida da suka wuce. Ta sha ƙwayoyi har suka daina yi mata aiki. Bara likita a Daura ya mayar da ita kan allurar insulin. Autarta Fadila, wadda take aure a cikin Daura, ita ta raka ta.

Ma'aikaciyar jinya ta nuna musu wata 'yar kwalba mai ruwa fari-fari kamar ruwan kamu. Ta ce magani biyu aka haɗa a ciki, ɗaya mai saurin aiki, ɗaya mai jan lokaci. Kafin a zuƙa a sirinji sai an murza kwalbar a tafin hannu a hankali har ta haɗe, ba a girgiza ta. Sau biyu a rana, kafin karin kumallo da kafin abincin dare.

"Amma Inna," in ji ta, "idan kin yi, kada rabin awa ya wuce ba ki ci abinci ba. In kika ji gumi da rawar jiki, sugan ne ya yi ƙasa. A ba ki ruwan sukari nan take."

Murza kwalba bai ba Barakatu wahala ba, hannun da ya saba mulmula daddawa ne. Tsira wa kanta allura a cinya ma mako guda ta ƙware. Da yake wuta ba ta zama, Malam Sada ya binne ƙaramin tulu a jiƙaƙƙen yashi a inuwar rumfa, a nan kwalbar take kwana cikin sanyi.

Da safe babu matsala, koko da ƙosai ba sa ɗaukar lokaci. Da yamma ne abin ya karkace. Tuwo yana nuna sai ta yi allura, don a ganinta abinci ya samu. Sannan ta zauna rabo. Rabon gidan kuwa yakan ci awa guda. Ta sha jin gumi da jiri, ta ɗauka zafin murhu ne, ba ta gaya wa kowa ba.

Wata Alhamis cikin damina baƙi uku suka zo daga Mai'adua gaisuwa. Ta riga ta yi allura. Ta ƙara kwano, nata rabon ya tafi a ciki. Surukarta Khairat ce ta same ta jingine da bangon madafa, zani ya jiƙe da gumi, magana ba ta fita daidai. Aka kira Malam daga ƙofar gida. Ya dama sukari a kofi, ya tallafo kanta, ta sha da kaɗan-kaɗan. Da ta dawo hayyacinta ya tambaye ta ko ta ci abinci.

"Ban gama rabo ba, Malam."

Kashegari Fadila ta zo a kan babur da faɗanta.

"Inna, ki riƙa cire naki tun farko ki ci. Allurar nan abinci take so daidai gwargwado kullum, ba ƙanzo ba."

"Ni in sa hannu a tuwo mahaifinki bai ci ba? A gaban surukaina? In haka ne gara a bar allurar."

"In kika bar ta, ƙafarki da idonki za ta taɓa. Likita ya faɗa."

"To Allah ya kyauta."

Malam Sada yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya. Da magariba ta yi, aka ɗauki akushi za a fita da shi, sai ya ce a kai wa mutanen waje, a ce su fara. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya sa aka zubo wani tuwon a kwano ɗaya.

"Barakatu, ɗauko allurarki."

Ta yi allurar. Ya duba agogon wayarsa, suka zauna. Da lokaci ya cika ya tura kwanon tsakaninsu.

"Bisimilla."

"Haba Malam, yara suna kallo."

"Su kalla. Ba zan sa hannu ba sai kin sa. In kin ga dama mu kwana da yunwa mu biyu."

Ta daɗe tana duban kwanon. Kunya ta hana ta ci, amma barin Malam da yunwa abu ne da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan. Ta gutsuri loma. Khairat ta karɓi mara ta ƙarasa rabon.

Tun daga ranar haka ake yi. Akushinsa yana fita ciyayya, shi kuma sai ya gama ci da matarsa yake fita hira. Abokinsa Maliki bai bar shi ya huta ba.

"Ango ya fito. Sada, da furfurarka ka koma amarci?"

"Kai ma gwada, Maliki, in za a yarda a ci da kai."

Wata takwas ke nan sugan bai sake faɗuwa ba. Ranar asibiti, takardar gwajinta takan sa ma'aikaciyar jinyar murmushi. Har yanzu Barakatu takan juya wa ƙofa baya idan tana ci da Malam, kuma takan tura masa ɓangaren da ya fi miya.

Shekaranjiya Malam Sada ya kai rago kasuwa, mota ta lalace musu a hanya, magariba ta yi bai dawo ba. Tuwo ya nuna. Khairat ta tsaya tana kallon surukarta, ba ta san yadda za ta ce mata ta ci kafin Malam ya dawo ba. Barakatu ta je rumfa ta ciro kwalbar daga tulu, ta murza, ta yi allura. Ta ɗauki mara ta zuba malmalar farko a kwanonta, ta rufe na Malam ta ajiye kusa da murhu. Da lokaci ya yi ta zauna a kan tabarma ita kaɗai ta cinye.

Khairat ta miƙo hannu za ta ɗauki kwanon ta wanke. Barakatu ta hana ta. Ta ajiye shi a bakin ƙofar ɗakin Malam, yadda zai gani da ya shigo.