Kifin Gurjin Inna

Inna a bakin kogi ta tashi, can Fashaga. Aure ne ya kawo ta Gadarif, inda kifinmu bai wuce kajek ba, busasshen nan da ake dakawa a miyar leburorin gona. Takan ba mu labarin wani ɗan siririn kifi mai kiwo a jikin duwatsu, gansakuka kawai yake ci, in an fito da shi daga ruwa ƙamshin gurji yake yi, babu ƙarni ko kaɗan. Mu dai dariya muke mata. Kifi kuma da ƙamshi?

Shekarar da ciwo ya kwantar da ita, ana tsakiyar yankan riɗi, ta daina cin komai. Abu ɗaya ta roƙa, a kawo mata kifin gurji ta ji ƙamshinsa. Yayana ya bar riɗinsa yana zuba a gona ya hau lori zuwa Fashaga. Washegari da la'asar sai ga shi da guda bakwai, naɗe cikin ɗanyar ciyawar kogi, duk hanya yana yayyafa musu ruwa. Ya tarar Inna na barci, ya miƙo mini ƙunshin, ya zauna bakin gadonta yana jira ta farka.

Ni kuwa gwanar girki, 'yar birni, na yi wa kifin abin da kowace mace a Gadarif take wa kifi. Na dirje shi da gari da lemun tsami, na cusa masa tafarnuwa da barkono, na soya da man riɗi. Ciyawar na watsa wa akuya. Wallahi don in faranta mata na yi.

Da ta farka na kai mata. Ta daɗe tana shinshina farantin. Ta sa mini albarka, ta ce ya soyu, sannan a hankali ta tambaya ina ciyawar da aka naɗo shi a ciki.

Yaya ne ya gane. Ya miƙa mata tafin hannunsa da bai wanke ba tun daga kogi. Ta riƙe ta ɗora a hanci, ta lumshe ido.

"Shi ne," ta ce. "Haka hannun babana yake."

Na ɓoye hannayena cikin zane, sai warin tafarnuwa suke.

Kwana tara ta ƙara a duniya. Har yau abin yana cina, kuma ni ban san ƙamshin nan ba. Kifin ya zo hannuna ɗanye, ban ko sunkuya na shinshina ba.