Ɗanyar Kanya

A kasuwar Souq Waqif, can ƙasar Larabawa, na gan su, jajaye jere a kwali, kamar tumatir. Mai shagon ya yanka mini ɗaya. Ina sa wa a baki na ce, wallahi wannan kanya ce ta samu wuri ta yi ƙiba. Lokacin shekarata uku ina gadi a unguwar West Bay, ban leƙa gida ba. Kullum cewa nake sai akwatina ya cika.

Akwai itatuwan kanya a lambun kakanmu. Da rana mu jefo, mu tsotse, mu tofar da ƙwallon. Bayan magariba kakata Inna takan zauna gaban murhu, mu kewaye ta. Ni take fara tsokana: "Maigidan, matso, kar hayaƙi ya kashe mini miji."

Akwai tatsuniyar da ba ta gajiya da ita. Wata tsohuwa ta kwanta ciwo, ta ce kanya take marmari. Ɗanta ya je gindin itacen, ya tarar duk ɗanya ce, bauri kamar ya ɗaure harshe. Itacen ya ce, "Tsinka ka tafi, ta nuna a gabanta." Ya ce Allah ya kiyaye ya kai wa uwarsa ɗanya. Ya zauna jira. Ran da ya cika kwando da nunanniya ya koma, sai ya tarar da tabarmi a ƙofar gida, ana karɓar gaisuwa.

Mu kuwa dariya muke yi, muna cewa kai, wannan wawa ne!

Kwana biyu da ganin kanyar nan yayata ta kira, ta ce Inna ta daina cin abinci. Ta kara mata wayar. Da ƙyar na ji muryar: "Maigidan, ɗanyar ma kawo ta."

Na sayi guda shida, masu tauri. Amma a lokacin ba ka fita daga ƙasar sai kafil, ubangidan da ya ɗauko ka aiki, ya sa hannu a takardar fita, nawa kuma ya yi tafiya. Kwana huɗu ina zarya ofishinsa. Sakataren ya ce gobe. Gobe ya ce jibi. Na roƙa da Larabcin da na iya, na roƙa da Turanci, ƙarshe da Hausa nake roƙonsa ina kuka, ƙato da ni, cikin kayan gadi. Ya ce, "Khalas, ya isa haka, jira." Ban taɓa tsanar kalma kamar "jira" ba.

Ranar Alhamis takardar ta fito. Juma'a na isa garinmu. Tun daga bakin layi na hango tabarmin.

Na daɗe ina ɗora wa kafil laifi. Amma shi kwana huɗu ya ci mini, shekara ukun ni na ci da kaina, ina jiran akwati.

Da na buɗe jakar, duk shidan sun nuna luguf. Yayata ta raba wa yara, suna sha suna cewa zaƙi. Ni dai har yau ban sake sa ta a baki ba.