Babban Yatsan Baba

Shekarar da jam'iyyu suka fito, kowa yana yawo da takarda, ita ce shekarar da muka rasa garkarmu ta Jiratawa. Jiya na tuna da ita a shagon wani tela a Zariya. Tele, wato talabijin, tana nuna fim ɗin zane na Japan, wani uba mayaƙi ya tsaya a ƙofar gidansa yana duban baƙi da wutsiyar ido, hannu a dunƙule. Haka Baba, tsohon ɗan damben Tibiri, yake tarbar wanda bai sani ba.

Wata safiya mutum biyu suka same mu muna ban ruwan albasa. Suka ce masu samun takin zamani ake rubutawa, sai dangwale. Baba ya juya takardar, ya shinshina ta, ya ce, "Mai ba ka taki, me zai yi da yatsanka?"

Na ce, "Baba, kowa ya dangwala. Kai kullum zargi."

Ya daɗe yana dubana, sannan ya buɗe hannun, ya dangwala. Kwana uku yana goge shuɗin tawadar da ƙasa. Bayan girbi aka karanta mana: takardar sayar da garkar ce.

Bai taɓa yi mini gori ba. Yanzu ina ajin yaƙi da jahilci, ko takardar magani sai na karanta ta baƙi-baƙi. An ce wani maƙwabci ne ya nuna musu mu; har yau ban san ko wane ne ba.

Allah ya haskaka kabarin Baba, ya sa ya yafe mini. Mun rasa garka ɗaya, itacen mangwaro huɗu, da Baba, kafin damina ta zagayo.