Faɗuwar Gajere ta Huɗu

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da littattafan ƙungiyar masu babur ɗin haya ta tasharmu, nan Rano, a bakin hanyar da ta nufi Kibiya. A cikinsu akwai wanda muke kira littafin haɗari. Duk ɗan ƙungiyar da ya faɗi da fasinja, nakan rubuta rana da wuri da wanda aka ɗauko da abin da ya jawo. Akwai dokar da na tarar: wanda ya ka da fasinja sau huɗu da laifinsa, sai ya ajiye rigar ƙungiya, ba zai ƙara ɗaukar mutum ba. Kafin wannan labari mutum ɗaya dokar ta taɓa ci, shi kuwa kowa ya san ɗan ganganci ne.

Muhammad Auwal ba ya cikin masu ganganci. Mutumin Zinyau ne, manomin dawa da gyaɗa, ya shiga ƙungiya a 2014 aka ba shi riga mai lamba 41. Ba ya gudu, ba ya goyon biyu, ban taɓa jin ya yi cacar baki da fasinja ba. Ana kiransa Gajere, kuma gajeren ne. In yana kan babur, da yatsu yake taɓa ƙasa. Saboda haka ko tsayuwar minti ɗaya zai yi sai ya sauke sitan, wato ƙarfen nan na gefen hagu da ake kafe babur a kansa.

Tsayuwa kuwa ba ta yi masa kaɗan. Mahaifinsa ya tashe shi a kan cewa ba a gaida babba daga kan abin hawa, ko da jaki ne. Sauran 'yan tasha sukan rage gudu su ɗaga hannu su ce "Barka da hutawa" su wuce. Gajere sai ya tsaya, ya kafe babur, ya sauka, ya durƙusa, ya tambayi gida da iyali da gona da ciwon ƙafar da aka yi fama da shi bara. Ba ya kashe injin, domin tsohon babur ɗinsa in ya mutu sai an sha wuya yake tashi. Kafin ya gama fasinja ya fara tsaki. Sai ya taso da sauri yana ba da haƙuri, ya haye, ya sa giya, ya ja. Sitan yana nan a sauke. In hanya ta miƙe, wani lokacin tudu ya buge shi ya koma da kansa. In kwanar hagu ce ta fara zuwa, ƙarfen ya caki ƙasa, sai babur ya watsar da su.

Sau uku na rubuta sunansa. Ranar 14 ga Maris 2016 a Dawaki, da wani malamin firamare, malamin ya kurje gwiwa. Ranar 2 ga Nuwamba 2018 a hanyar Rurum, da wani mai kaji, kwandon ya fashe kaji suka shiga gonar mutane. Ranar 21 ga Yuni 2021 a bayan kasuwa, da wani tela, telan ya gurɗe ƙafa. A layin dalili duk abu ɗaya na rubuta: bai ɗaga sitan ba.

Bayan ta ukun shugabanmu, Alhaji Sadiƙ, ya kira shi rumfa.

"Gajere, saura ɗaya fa."

"Na sani, Alhaji."

"To ka rage gaisuwar nan mana. Kai kaɗai ke da iyaye a ƙasar Rano?"

"Alhaji, in wuce Malam Ishiyaku yana zaune ina kan babur? Da wane ido zan kalle shi gobe?"

"Da idon da za ka kalli Ramlatu ran da ka koma mata ba riga," in ji Alhaji.

Ramlatu matarsa ce, 'ya'yansu shida. Gonar Gajere ba ta kai su shekara, babur ne ke cike sauran watannin. Malam Ishiyaku kuwa tsoho ne, aminin mahaifinsa, wanda ke wuni a gindin wata tsamiya a bakin hanya kafin a shiga Kibiya.

Da kakar 2022 Gajere ya sayar da tsohon babur da gyaɗarsa ya sayi sabo. A lokacin ne aka fara shigo da wasu babura masu ɗan makunni a gindin sitan. Abu ne kamar kan yatsa, mai ɗan tsinke da ke shiga yana fita. In sitan yana sama, ya danne tsinken, babur ya tafi. In yana ƙasa, injin zai yi ta aiki muddin ba a sa giya ba, ana sa giya kuwa sai ya mutu.

Kamar don Gajere aka ƙera shi. Teburina yana kallon kwanar masallaci, inda dattawa ke zama da hantsi, kuma da yake na saba da lissafa abu, na riƙa sa alama a bayan kalanda. A watan Janairun 2023 kaɗai sau goma sha ɗaya na ga ya gama gaisuwa, ya haye, ya sa giya, injin ya mutu. Sai ya yi dariya ya ce, "Na ji, na ji," ya ɗage sitan da dunduniya, ya tayar, ya wuce. 'Yan tasha suka sa wa makunnin suna Yayan Gajere.

Da damina ta sauka sai aka ga ɗaya fuskar abin. Makunnin yana ƙasa-ƙasa, inda duk taɓon da tayar gaba ta watso yake sauka. In laka ta shiga, tsinken ya maƙale a waje, sai babur ya ɗauka sitan a sauke yake alhali yana sama. Mutum yana tsakiyar kwazazzabo da fasinja da kaya, injin ya ɗauke. Wani ya tura babur tun daga Rurum Tsohon Gari, ya canja fulogi, ya wanke kafireto, ashe ba nan matsalar take ba.

Lukman bakanike, mai gareji a bayan tasharmu, shi ya gano maganin. Yakan yanke wayoyi biyun da suka fito daga makunnin, ya haɗe su, ya naɗe da salatif. Aikin minti biyar. Daga nan babur ba ya ƙara sanin ko sitan yana sama ko yana ƙasa. Masu irin wannan babur a ƙungiyarmu su ashirin da uku ne. Zuwa ƙarshen daminar 2023, ashirin sun kai an haɗe musu. Biyu a cikin gari kawai suke aiki, ba su damu ba. Na ukun Gajere ne.

Ina wurin ran da Lukman ya tare shi da zancen, na kai kekena a gyara mini birki.

"Kawo in yi maka kaciyar nan ka huta, Gajere. Ba sai ka biya ba."

"Bar mini yayana."

"Yayan da ke kashe maka babur a tsakiyar rafi? Wanda ya ƙera abin nan bai taɓa ganin lakar Zinyau ba."

"Ni ma bai taɓa ganina ba, amma ya san halina."

Abin da ya zaɓa shi ne wanki. Kullum da safe kafin ya fito, ya durƙusa da tsohon buroshin haƙori da ɗan kananzir a murfin gwangwani, ya goge tsinken har sai ya ga yana shiga yana fita. Wannan yakan kai shi azahar in ba a yi ruwa ba. In an kwana ana ruwa, ko awa biyu ba ya yi.

Babbar mai hulɗa da shi ita ce Hajiya Barira, dattijuwa mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a Rano. Duk ranar kasuwar Kibiya shi yake kai ta da jarkokinta biyu, ya dawo da ita, shekara takwas ba fashi. Ta zaɓe shi ne don ba ya gudu. A farkon Agustan 2024 babur ya mutu musu sau uku a tafiya ɗaya, na ukun a cikin ruwa, sai da ta sauka ta tattare zane ta taka. Da suka dawo tasha ba ta jira ya kafe babur ba.

"Ɗan nan, ni ba agwagwa ba ce. Ga gaisuwa, ga mutuwar babur, ina isa kasuwa masu saye sun watse. Ko ka gyara abin nan, ko in nemi wani."

"Za a gyara, Hajiya."

"Kowa ya yanke nasa, kai me kake jira? Gadonsa za ka ci?"

Bai je wurin Lukman ba. Ya samo tsohon tub na taya, ya yanko roba mai faɗin yatsa biyu, ya wanke makunnin tas, ya naɗe shi da robar ya ɗaure tamau don kada laka ta sami hanya. Daga ranar babur bai ƙara mutuwa ba. Ya zo har teburina ya nuna mini, yana cewa in gaya wa Lukman akwai maganin da ba sai an yanka ba.

Kwana tara bayan haka, ranar 19 ga Agusta, wajen ƙarfe goma na safe, ya ɗauko Hajiya Barira zuwa Kibiya. Malam Ishiyaku yana gindin tsamiyarsa. Gajere ya tsaya, ya kafe, ya sauka, ya gaishe shi. Tsohon ya riƙe shi da labarin tsutsar da ta shiga masara. Hajiya ta yi gyaran murya sau biyu. Ya taso, ya haye, ya sa giya, injin bai mutu ba, sai ya ja. Gaba kaɗan hanyar ta karya hagu.

Hajiya ta karye a wuyan hannun hagu. Jarka ɗaya ta fashe. Shi kuma ya kurje kafaɗa.

Kwamiti ya zauna bayan kwana huɗu, bayan la'asar, a rumfar tasha. Lukman ya zo da babur ɗin, ya warware robar a gaban kowa. Ɗaurin ya yi ƙarfi har ya danne tsinken ciki, ya hana shi fitowa. Tun ranar da aka naɗa ta, babur yana ɗauka sitan a sama yake ko da yaushe.

"Wato abin da nake yi da almakashi, shi ya yi da roba," in ji Lukman. "Bambancin kawai, nawa mutane sun san an yi."

Aka rabu biyu. Wasu suka ce laifin na'ura ne, tunda an sa ta don ta kashe injin kuma ba ta kashe ba, bai kamata a lissafa wannan a cikin huɗun ba. Wasu suka ce ai shi ya ɗaure ta da hannunsa. Ana cikin haka Hajiya Barira ta iso, hannu a ɗaure da karan ɗori, ba wanda ya kira ta.

"Sadiƙu," ta ce, don ta girme shi nesa ba kusa ba, "hannun nawa ne ko naka? Na yafe. Ni na matsa masa ya gyara."

"Hajiya, ba a kan hannunki kaɗai muke zaune ba. Akwai na wanda zai hau gobe."

"To cikin waɗannan 'yan tsalle-tsallen wa zai kai ni kasuwa? Wancan mai tabarau? Gara in hau jaki."

Aka yi dariya, har shi mai tabaraun. Alhaji ya ce in karanta abin da ke littafi. Na karanta uku na baya da ranakunsu. Ya tambaye ni me na rubuta a na huɗu. Na ce na bar layin dalili ba komai, ina jiran kwamiti.

Sai ya juya wurin Gajere, wanda ke zaune a ƙasa tun da aka fara.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Da ka hau, ka duba ƙasa?"

Da a ce ya amsa cewa ya duba bai lura ba, ina jin da an sami hanyar da za a bi, don yawancin kwamitin ba sa son rasa shi. 

"Ban duba ba, Alhaji. Rabona da in duba tun da na sayi babur ɗin nan. Na bar masa aikin."

Alhaji ya shafa gemu, ya dube ni. Na rubuta abin da na rubuta sau uku a baya. Gajere ya tuɓe rigar, ya ninke ta lambar tana sama, ya ɗora a kan teburina, ya bi 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya ya yi musu sallama. Hajiya ta tashi ta tafi ba ta yi wa kowa sallama ba.

Dokar ta hana shi ɗaukar mutum ne, ba ta ambaci kaya ba. Yanzu buhuna yake ɗauka daga ƙauyuka zuwa Rano, masara da gyaɗa da barkono, aikin da ya fi wahala kuma ba kullum ake samunsa ba. Da rani Ramlatu ta fara sayar da ƙosai a ƙofar gida. Ranar kasuwar Kibiya jarkokin Hajiya Barira suna tafiya a babur ɗinsa, ita kuma ta bi mota, su haɗu a can.

Daga farkon 2023 zuwa yau, littafin ya nuna faɗuwa biyar ta dalilin sitan a cikin waɗanda aka haɗe wa waya, da guda ɗaya a cikin waɗanda ba a haɗe wa ba, wato tasa. Mutuwar injin a laka ba a rubuta ta, don haka ba ni da adadinta.

Makunnin yana nan a babur ɗinsa, ba roba, ba a yanke ba, yana wanke shi da safe. Yakan biyo ta tasha wajen ƙarfe tara da buhu biyu a baya. In Alhaji Sadiƙ yana rumfa sai ya tsaya, ya kafe, ya sauka ya gaishe shi. Riga mai lamba 41 tana cikin akwatin ofis, ba a ba kowa ba tukuna.