Bebiyar Wayar da Ta Tona Asirin Kawu

Ko tsufa zai kwashe min komai daga ka, ba zai kwashe abin da na yi wa wayar kawuna a Talata Mafara ba. Lokacin ina gyaran waya a bakin kasuwa, kaina ya kumbura don mutane suna ce min Injiniya, alhali duk ilimin nawa bidiyon intanet ne.

Kawu mahauci ne. Sana'arsa kacokan ta rataya ne a kan wani dattijon Bafulatani na wajen Dakko, wanda ya shekara talatin ba ya sayar wa kowa saniya sai shi. Ko ciniki ba sa ja, abin da Kawu ya ce kasuwa ta yi, shi ke nan. Sauran mahauta sun yi zawarcin dattijon nan har sun gaji.

To, wayar Kawu ta tsufa, tana nauyi, kamfanin ma ya daina sabunta ta. Maimakon in ce ya sayi wata, sai na bugi ƙirji na ce zan sa mata sabuwar manhaja. Na samo wadda aka yi don wata wayar mai kama da ita, na yi ta dabara har ta zauna. Allo ya kawo, hoto tangaran, amma ko tari wayar ba ta yi. Ashe kowace waya da irin na'urar sautinta, sai an nuna wa manhaja hanyar da murya za ta bi ta fita. Kwana uku ina canza fayiloli a kwamfuta, ina zufa. A rana ta huɗu na kunna waƙa, sai ga lasifika ta ɗauka. Wayyo daɗi! Na zagaye rumfunan maƙwabta da ita a sama, har ina cewa Turawan da suka ƙera ta ma su zo su ɗauki darasi.

Abin da jakin Injiniya bai sani ba shi ne, hanyar waƙa daban, hanyar kira daban. Kira ɗaya tak da na gwada da na gane. Ban gwada ba.

Na kai wa Kawu wayarsa a rumfar fawa, ana zaune da abokan sana'a. Ina cikin yabon kaina sai kira ya shigo, dattijon nan ne. Kawu ya gyara murya, ya jero gaisuwa: ina gida, ina iyali, ina dabbobi, ina ƙoƙari. Shiru. Ya yi "alo, alo" ya gaji, ya ce sabis ne, ya ajiye wayar a kan teburin nama bai kashe ba.

Wani ya tambaye shi wa ya kira. Kawu ya kwashe da dariya.

"Mutumina na Dakko ne. Wanga tsoho ai gonata ce. Kullum in ce mishi kasuwa ta faɗi, shi ce Allah shi kyauta. Da kasuwa na faɗuwa yadda nike hwaɗa mishi, da yanzu ta kai ƙarƙashin ƙasa!"

Aka yi ta shewa, Kawu har da kwaikwayon Hausar mutumin. Ni ma na dara, Allah ya yafe min. Sai idona ya kai kan allon wayar, na ga daƙiƙu suna ta tafiya. Wayar ba ta kawo muryar mai kira, amma tana kai tamu tsaf. Na sa hannu na kashe, na ce zan je in yi fitsari, ban sake dawowa ba.

Ranar Talata dattijon ya shigo kara, kasuwar dabbobi, da shanu huɗu. Ya gaisa da Kawu cikin mutunci, bai rage komai a gaisuwar ba, sannan ya miƙa igiyoyin ga mahaucin da Kawu ya fi tsana a garin. Ni kuwa ina raɓe bayan mota, sai dattijon ya yafito ni.

"Kai ne mai gyaran? Allah shi yi ma albarka. Shekara talatin ina magana da abokina, ban taɓa jin shi sosai ba sai da ka gyara mishi waya."

Wallahi da mari ya yi min da ya fi min sauƙi. Kawu ya shekara biyu ba ya amsa gaisuwata, har gobe kuma yana cewa ni na kashe masa kasuwa, kamar ni na sa masa maganar a baki. Hanyar kiran kuwa, da aka dawo min da wayar, cikin awa ɗaya na gyara ta, amma dattijon bai ƙara kira ba.

Tun daga ranar, ba na mayar wa kowa waya sai na kira ta na ji da kunnena. Na kuma koyi cewa don mutum ya yi maka shiru, ba shi ne ba ya jin ka ba.